Fatan Kofi Kyauta Ne, Hannun Jari Kuwa Da Kuɗi Ake Saya

Jama'a, duk shekara idan damina ta fara ja baya, abu biyu kan hana mu barci, mu 'yan kasuwar Zangon Parakou da 'yan'uwanmu na Djougou. Na farko shi ne kuɗin makarantar yara. Na biyu kuwa shi ne shirin sabuwar kakar ƙwallo. To, a 'yan shekarun nan na uku ya ƙaru, wato hannun jarin da muka saya da kuɗin adashenmu.

Bari mu fara da mai daɗin. Kafin a busa usur na farko, kowace ƙungiya zakara ce a bakin magoya bayanta. Mu a nan Buffles muke bi, wato Ɓaunan Borgu, kuma muna da abin tinƙaho, domin sun ci kofin ƙasar Benin a 1979 da 1992 da 2014 da 2017 da kuma 2019. 'Yan'uwanmu na Djougou su Panthères suka riƙe, wato Damisa, ga kuma 'yan Dynamo a cikin garinmu da ba su barinmu mu sha ruwa. Daga 2021 zuwa 2025 dai kofi bai hau arewa ba. Coton ta Ouidah ta ɗauke shi sau uku a jere, daga 2022 zuwa 2024, sa'an nan Dadjè ta karɓa a 2025. Duk da haka, ka zo majalisarmu ka ji lissafi. Wannan ya ce an samo mai tsaron gida da ko iska ba ta wuce shi, wancan ya ce sabon ɗan gaba ya fi barewa gudu, alhali kuwa babu wanda ya ga ɗayansu ya taɓa ƙwallo.

Wannan fata ba ta cin ko dala. In an ci mu, mu yi kwana biyu muna zagin alƙalin wasa, mu sha tsiyar 'yan Djougou ta waya, shi ke nan.

Batun hannun jari ba haka yake ba. Mai karatu zai ce me ya kai jikokin fataken goro, waɗanda kakanninsu suka taka daga Kano zuwa Gwanja suna yada zango a Djougou, ga cinikin abin da ba a gani da ido? Amsa ita ce dole. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba, sai ga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, gadar Malanville da Gaya ta toshe, manyan motocin da ke ratsa Parakou suka ragu, ciniki a kasuwar Arzeke ya yi sanyi. Kuɗin da ba ya juyawa kuwa, cinye shi ake yi.

Kuma mun ga darasi biyu da idonmu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya kwana da kuɗi a ƙarƙashin katifa ya wayi gari ba su sayen rabin kayan Faransa da suke saye jiya. A 2010 kuma kamfanin ICC Services ya rushe, bayan ya tara fiye da sefa biliyan 100 na talakawa da alkawarin ribar da babu sana'ar da ke kawo irinta. Sai a ƙarshen 2018 shari'ar shugabanninsa ta kankama. Ashe ɓoye kuɗi ba tsira ba ne, neman riba da gaggawa kuma halaka ce.

Saboda haka muka kasa kunne lokacin da gwamnati ta fara sayar wa jama'a wani kashi na kamfanoninta. A ƙarshen 2024 an sayar da na kamfanin cacar ƙasa, LNB, a kan sefa 4,800 kowane hannu. Wannan ko tattaunawa ba mu yi ba, domin dattawanmu sun ce kuɗin caca ba ya shiga tukunyarmu. A farkon 2025 aka fito da na bankin BIIC a kan 5,250, wato jika biyar da dala hamsin. Nan ma an yi ta muhawara a kan kuɗin ruwa, wasu suka shiga, wasu suka ƙi. Mu dai 'yan adashenmu, bayan shawara da malamai, muka nemi dillali mai lasisi, muka zuba rabin abin da muka tara a wasu kamfanoni biyu da muka san abin da suke sayarwa.

Ga wanda bai sani ba, kasuwar da ake wannan ciniki, BRVM, a Abijan take. Ta fara aiki a 1998, kuma ƙasashe takwas masu kashe sefa a yammacin Afirka ne suka haɗa ta. Wanda ya sayi hannu ɗaya ya zama mai ɗan yanki a kamfanin. In kamfani ya ci riba, akan ba shi rabonsa. In bai ci ba, sai haƙuri. Farashi yana hawa yana sauka gwargwadon masu saye da masu sayarwa, amma doka ta hana ya wuce kashi 7.5 cikin ɗari a yini guda.

To, a nan damuwar take. Cikin kuɗin nan akwai na gwauruwar da ke tuyar ƙosai, akwai na tsohon direban da ƙafa ta hana shi tuƙi. Su ba su san Abijan ba, mu suka sani. Ranar da farashi ya sauka, ko da dala goma ne, sai ka ga wanda ke riƙe da littafin adashe ya kasa cin tuwo. Wani ya ce a sayar tun ba a yi asara ba, wani ya ce a jira rabon riba. Buhun masara in ya faɗi, aƙalla a ci shi. Wannan kuwa lamba ce a fuskar waya.

Masu cewa a jira kullum da Buffles suke kafa hujja: shekara 22 muka yi, daga 1992 zuwa 2014, kafin kofi ya dawo, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma ɗan kallo yana iya jiran shekara 22, mai kuɗin makaranta ba ya iya jiran wata biyu. Don haka muka kafa wa kanmu ƙa'ida uku. Kuɗin abinci da na makaranta da na magani ba su shiga kasuwar nan. Ba a zuba duka a kamfani ɗaya. Kuma duk wanda ya zo mana da alkawarin riba tabbas, mu ba shi ruwa ya sha, mu raka shi bakin ƙofa.

Bana ma mun sa rai, kamar kowace shekara. 'Yan Djougou sun aiko cewa Damisa za ta ba da mamaki, mu kuma mun ce su tanadi rarrashi. A filin ƙwallo za mu saki zuciya yadda muke so, a littafin adashe kuwa sai da lissafi. Allah Ya ba Ɓauna sa'a, Ya kuma tsare mana amanar mutane, amin.