Ƙofar da Na Rufe wa 'Yata

A shekarar 2013 wani mai zane ɗan Amurka, Aaron Becker, ya fitar da littafin yara mai suna Journey. Labarin cikinsa babu kalma ko ɗaya, hotuna ne zalla. Wata yarinya ce kaɗaici ya dama a gida: uwa na girki tana waya, uba ya duƙufa kan kwamfuta, yayarta ma ba ta ɗago kai ba. Sai ta koma ɗakinta, ta tsinci jan fensirin kala, ta zana ƙofa a bango, ta tura, ƙofar ta buɗe. Ta faɗa wani daji mai fitilu rataye a bishiyoyi, ta zana kwalekwale ya kai ta wani babban birni mai hanyoyin ruwa, can gaba ta kuɓutar da wani tsuntsu mai launin shunayya daga keji. A 2014 littafin ya samu lambar yabo ta Caldecott, wadda ake bai wa fitattun littattafan hoto na yara a Amurka.

Ƙanen matata ne ya kawo wa 'yata shi tsaraba, lokacin ta fara aji ɗaya. Na karɓa na buɗe, na juya shafi bayan shafi ina neman rubutu, ban gani ba. A raina na ce an yi asarar kuɗi. Ni a wurina littafi abin da ake haɗa baƙi ne a karanta. Wanda babu rubutu kuwa kayan wasa ne, yana cinye lokacin da ya kamata yaro ya yi hadda ko aikin gida.

Ita kuwa ta manne masa. Bayan magariba sai ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da ƙanenta, ta ɗora yatsa a kan hoto tana ba shi labari da Hausa tsantsa, har da sauya murya idan sojoji suka fito. Wata rana ina gefe ina duba waya na ji tana cewa tsuntsun nan ai uwar yarinyar ce, mayya ce ta mai da ita tsuntsu, shi ya sa yarinyar ta sai da rai don ta buɗe kejin.

Na ce, "Ke, ba haka ba ne. Ina kika ga mayya a nan? Kawo in nuna miki."

Na karɓi littafin na bi shi daga farko har ƙarshe, na zayyana mata labarin "daidai": tsuntsun na wani yaro ne mai fensirin shunayya, ga shi can a shafukan ƙarshe sun haɗu sun zana keke. Ta yi shiru tana gyaɗa kai. Ni kuma na ji daɗi, a ganina na hana ta saba wa ƙarya.

Ba a jima ba na dawo daga aiki na tarar da ƙofa zane da gawayi a bangon tsakar gida, tsawonta daidai tsawon yarinyar, har da mariƙi da ramin makulli. Gidan haya ne, kuma ba a daɗe da shafa farar ƙasa ba. Na daka mata tsawa, na sa ta goge da tsumma tana kuka, na ɗauke littafin na jefa saman kwaba. Uwarta ta ce, "Maigida, a yi mata faɗan bangon, amma littafin me ya yi?" Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Faɗan bango yana kan hanya, har yau ban sauya ra'ayi a kansa ba. Sauran duk kuskure ne, kuma nawa ne.

Na gane haka ranar da ƙanenta ya yi ta rigimar a ba shi labarin jar ƙofa. Na sauko da littafin na miƙa mata na ce ta ba shi. Ta riƙe shi a rufe, ta ce, "Abba, kai ka san na daidai. Ka faɗa masa, kada in yi kuskure."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Yarinyar da ke tsara labari mai mayya da uwa da sadaukarwa, da bakina na koya mata cewa abin da ke fitowa daga kanta laifi ne sai babba ya sa hannu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da tatsuniya aka raine ni. Kakata kan ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi yau da wata siga, gobe da wata, ba wanda ya taɓa ce mata ta yi kuskure, domin kowa ya san mai faɗa shi ke da labari a daren. Becker da gangan ya bar bakin littafinsa a buɗe don yaro ya cika. Da yana son labari ɗaya tilo, da ya rubuta shi.

Daga baya na lura yadda ƙofa ke yawan fitowa a littattafan yara. A littafin Lewis Carroll na 1865, Alice ta ga wata 'yar ƙofa bayan labule, ta buɗe da makullin zinariya, ta hango lambu amma jikinta ya yi girma ta shiga. A na C. S. Lewis na 1950, ƙofar kwabar tufafi ce ta kai Lucy ƙasar Narnia. Waɗannan biyun dogayen labarai ne. A littattafan hoto abin ya fi kusa da hannun yaro: a Where's Spot? na Eric Hill, wanda ya fito a 1980, uwar wani ɗan kwikwiyo ce ke nemansa a cikin gida, yaro kuma da yatsarsa yake ɗaga ƙofar takarda ya ga abin da ke baya. Tun 1955 ma Crockett Johnson ya yi littafin Harold, yaron da ke zana duniyarsa da fensirin shunayya. Mu ma mun san ƙofar kogon Ali Baba.

Ina ganin dalilin a fili yake. Rayuwar ƙaramin yaro cike take da ƙofofin da aka hana shi. Kada ka shiga turaka, kada ka leƙa ɗakin baƙo, yi sallama ka jira a amsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba zan rage ko ɗaya daga cikinta ba. Amma son sanin abin da ke bayan ƙofa Allah ne ya halicci yaro da shi, da shi kuma zai yi karatu daga baya. Dole a bar masa wurin da zai tura ƙofa ba tare da an ce wa ya aike ka ba, littafin hoto kuwa wuri ne da babu haɗari. Kuma abin da na raina a matsayin wasa aiki ne sosai. 'Yata tana lura da abin da ya gabata da abin da ya biyo, tana neman dalilin da zai sa mutum ya jefa kansa cikin haɗari saboda tsuntsu. Amsar da ta samo, wato uwarta ce, ta fi tawa nuna sanin zuciyar ɗan Adam. Sannan da yake babu rubutu, babu Turancin da zai tsaya tsakaninta da labarin. Da harshen uwarta ta shiga.

Becker ya ƙara littattafai biyu, Quest a 2014 da Return a 2016. A na ƙarshen, uban yarinyar ne ya tashi daga teburin aikinsa ya bi 'yarsa ta cikin ƙofar. Ni ma abin da ya rage mini ke nan. Na zaunar da ita na ce, "Uwata, ni na yi kuskure, ba ke ba. Labarinki na mayya ya fi nawa daɗi, ki yafe mini." Ta yi mamaki, don ba ta saba jin haka daga gare ni ba. Na samo kwali babba na jingina a bango, na ba ta fensiran kala, na ce nan ne wurin zana ƙofofi.

Gyaran bai zo da saurin ɓarnar ba. Ta koma ba ƙanenta labari, amma an daɗe idan ina wurin sai ta riƙa tsayawa tana tambaya ko haka ne. Na daina amsa wannan tambayar da i ko a'a. Abin da nake cewa kawai shi ne, "To, sai me ya faru?" Sai kwanan nan mayyar ta dawo cikin labarin, yanzu ma har ta yi 'ya'ya bakwai, kowanne da ƙofarsa.