Kufai da Magina: Tsokaci a Kan Biranen Turai Uku

Duk garin da ya daɗe a duniya sai ya taɓa yin kufai, ko dai na gobara, ko na yaƙi, ko kuwa na son ran masu mulki. Abin da ke bambanta wani gari da wani shi ne abin da mutanensa suka yi da kufan bayan ƙura ta lafa. Wannan shi ne tunanin da ya bi mu a tafiyar da muka yi cikin jirgin ƙasa daga Waso, babban birnin Folan, zuwa Balin ta Jamus, daga nan muka zarce Faris ta Faransa. Da yake sana'armu nazarin adabi ce, mun saba da yi wa kowane labari tambayoyi uku: wa ya ba da shi, me ya faɗa, me kuma ya tsallake? Ashe gine-gine ma ana iya yi musu waɗannan tambayoyi, kuma sukan amsa wa wanda ya yi haƙuri da su.

Baƙon da ya shiga dandalin tsohuwar kasuwar Waso, ya ga gidajen nan masu tsayi da suka jeru kafaɗa da kafaɗa, wannan ja, wannan rawaya, wancan kore, zai rantse sun shekara 300 a tsaye. Alhali kuwa a 1953 aka kammala su. A ranar 1 ga Agusta, 1944, mutanen Waso suka yi wa sojojin Jamus da ke mamaye da su bore, aka yi kwana 63 ana gwabzawa. Da boren ya mutu, sai sojojin Hitila suka kwashe sauran mutanen gari, suka bi gidaje ɗaya bayan ɗaya da wuta da nakiya. Kafin watan Janairu na 1945, kimanin kashi 85 cikin 100 na birnin ya zama ɓaraguzai. Manufarsu a fili take: a shafe garin yadda ko jikokin mutanensa ba za su gane inda ƙofar gidan kakanninsu take ba.

Mutanen da suka dawo sun tarar da zaɓi a gabansu. Suna iya share wurin su yi sabon gini irin na zamani, wanda ya fi sauƙi da araha. Amma masana irin su Jan Zachwatowicz suka dage a kan cewa sai an mayar da tsohon gari yadda yake, domin wanda ya rushe shi kada ya ci riba. To, da me za a tuna kamannin gidan da babu shi? Nan ne abin ya ba mu sha'awa. Tun kafin yaƙi ɗaliban sashen zanen gine-gine sun auna gidajen, sun zana su a takarda, aka ɓoye takardun har yaƙi ya ƙare. Bugu da ƙari, akwai wani mai zane ɗan Italiya, Bernardo Bellotto, wanda ya yi wa sarkin Folan aiki daga 1768 har ya mutu a 1780. Ya zana titunan Waso da fenti dalla-dalla, har tagogi da kwalliyar bakin ƙofa. Zane-zanensa 22 suna rataye yanzu a ɗaki guda cikin fadar sarakunan ƙasar, ita ma fadar an sake gina ta ne daga 1971 zuwa 1984 da kuɗin karo-karo na jama'a. Mun daɗe a wannan ɗaki, sannan muka fita titi muna neman abin da muka gani a bango. A al'ada mai zane shi ke kwaikwayon gari. A nan kuwa gari ne ya kwaikwayi mai zane, har ma inda Bellotto ya ƙara wa wani gida adon da ba shi da shi, magina suka bi shi a haka.

Sai dai kowane gyara da kuɗinsa. Ban da tsofaffin bulo da aka tsince daga ɓaraguzan aka kankare da hannu, an kwaso wasu miliyoyi daga garuruwa irin su Wroclaw, inda aka rushe gidajen da za su iya gyaruwa don a ciyar da babban birni. Wato an tsaga rigar ƙane an yi wa ta wa faci. Duk da haka, a 1980 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Waso cikin wuraren tarihi na duniya, kuma sake ginin da aka yi shi ne ainihin abin da ta yaba.

Daga nan jirgi ya kai mu Balin, garin da aka tsara rushe Waso daga cikinsa, wanda shi ma ya sha ruwan bama-bamai kafin 1945. Amsar Balin ba guda ɗaya ba ce, kamar yadda zuciyar mai laifi ba ta zama wuri ɗaya. A tsakiyar unguwar kantuna akwai majami'ar tunawa da Sarki Wilhelm, wadda bom ya faɗa wa a watan Nuwamba na 1943. Da aka zo gyara, mai tsara ginin, Egon Eiermann, ya so ya kawar da guntun hasumiyar da ya rage, amma mutanen gari suka tayar da ƙayar baya, dole aka bar ta. Ga ta nan har yau, kanta a guntule, jikinta baƙi, mutanen Balin suna kiran ta haƙori mai kogo. A gefenta aka yi sabuwar majami'a a 1961, bangonta duk gilashi ne shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Mai shiga ciki sai ya wuce ta gaban tabon tukuna. Haka kuma katangar da ta raba birnin daga 13 ga Agusta, 1961, zuwa 9 ga Nuwamba, 1989, an rushe mafi yawanta, amma an bi sawunta da duwatsu layi biyu a kan kwalta. Mun ga yara 'yan makaranta suna tsallake layin da gudu suna dariya, a wurin da a da harsashi ke jiran mai tsallakawa.

To amma Balin ɗin nan da ta iya barin tabo a buɗe, ta iya rufe shi da kwalliya. Tsohuwar fadar sarakunan Jamus ta lalace a yaƙi, gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas ta ƙarasa ta da nakiya a 1950, ta gina nata zauren majalisa a wurin a 1976. Bayan haɗewar ƙasar, shi ma aka rushe shi tsakanin 2006 da 2008, aka mayar da siffar fadar sarakuna: fuska uku irin ta da, ta huɗu ta zamani, ciki kuwa siminti da ƙarfe. Kowace gwamnati ta goge rubutun wadda ta gada, kamar allon da ake wankewa. An buɗe ginin ga jama'a a 2021 da sunan Humboldt Forum, kuma abin da aka zuba a ciki ya shafe mu kai tsaye, domin a nan ake nuna kayan tarihin Afirka, har da wasu daga cikin tagullolin masarautar Binin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, aka yi ta sayar da su a Turai. A 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Nijeriya mallakar irin waɗannan kaya fiye da 1,000.

Daga wannan fada muka taka zuwa titin Wilhelmstrasse, muna neman gidan da Bismarck ya tara wakilan ƙasashe 14 daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zauren ba. Gidan babu shi. Benayen haya ne a wurin, da motoci a fake, sai wani allon bayani a bakin hanya wanda mai sauri zai wuce bai lura ba. Birnin da ya kashe ɗimbin dukiya don tayar da fadar sarakunansa, wannan ɗan allo shi ne rabonmu a cikin tunawarsa. Mun tsaya mun karanta shi har ƙarshe.

Faris ba ta sha rushewar Yaƙin Duniya na Biyu ba. Nata kufan da hannunta ta yi shi, a lokacin zaman lafiya. Bayan annobar kwalara ta 1832 da ta kashe mutum fiye da 18,000 a lungunan birnin, da kuma boren 1830 da na 1848 inda talakawa suka toshe ƙananan tituna da shingaye, Sarki Napoleon na Uku ya naɗa Haussmann kantoman yankin a 1853. Cikin shekara 17 mutumin nan ya rushe gidaje kusan 20,000, ya tsaga faffaɗan tituna miƙaƙƙu, ya haƙa magudanan ƙarƙashin ƙasa, ya kawo ruwan sha, ya dasa lambuna. Shi ya sa gidajen tsakiyar Faris suke kamar 'ya'yan mace ɗaya: farin dutse iri guda, tsayi kusan ɗaya, baranda a hawa na biyu da na biyar, rufin kwano mai launin toka. Ba mai musun kyawunsu. Amma titin da iska ke ratsawa, rundunar soja ma tana ratsa shi cikin sauƙi, kuma talakawan da aka rushe wa ɗakuna ba su iya biyan hayar sababbin ba, sai suka koma bayan gari. Mai yawon buɗe ido yana ɗaukar hoton baranda, ba ya jin ɗuriyar waɗanda aka tasa.

Darasin da ya fi zauna mana a rai kuwa a majami'ar Notre-Dame muka same shi. An aza harsashinta a 1163. A ranar 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta cinye rufinta da doguwar hasumiyar tsakiya. Katakon da ke ɗauke da rufin tun ƙarni na 13 yake, kuma saboda yawansa ake ce masa daji. An yi ta muhawara ko a mayar da shi da ƙarfe ko siminti, daga baya aka tsayar da shawarar a mayar da shi yadda yake. Kuɗi bai zama matsala ba, don gudummawar da aka tara ta haura Yuro miliyan 800. Abin tambaya shi ne, akwai sauran wanda ya iya? Sai aka tarar akwai. Faransa tana da tsohuwar ƙungiyar masu sana'ar hannu inda yaro ke bin ubangida daga gari zuwa gari yana koyo shekara da shekaru. Akwai kuma wani wuri da ake kira Guédelon, inda tun 1997 ake gina gidan sarauta da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13, abin da wasu suka ɗauka wasa ne. Irin waɗannan masassaƙa ne suka ɗauki gatari suka sassaƙe itatuwa da hannu, ginin ya ci bishiya wajen 2,000, aka sake buɗe shi a ranar 7 ga Disamba, 2024. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.

A ƙarƙashin wannan rufi ne hankalinmu ya koma gida, domin mu ma muna da magina da duniya ta san da zamansu. Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da tubali da azara, ya ɗaura bakan gizo ya aza tulluwa a kai, aikin da masana gine-gine ke zuwa kallo daga nesa. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage nasa da sabon gini na siminti. A Yama ta ƙasar Nijar, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, kowa ya san yadda damina da masu neman fili suke cin ta.

Ginin dutse yana iya jure sakaci na shekara 100. Ginin ƙasa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, in damina biyu ko uku ta wuce ba yaɓe, sai bango ya tsage. Saboda haka abin da Faransawa suka tuna da shi bayan gobara, mu kowace shekara yake tuna mana da kansa: ran soro yana hannun magini. Ranar da na ƙarshe da ya san yadda ake jiƙa makuba, da yadda ake jera azara a ɗaure baka, ya kwanta dama bai koya wa kowa ba, ranar ce zaurukanmu suka faɗi, ko da kuwa ana ganin su a tsaye. Waso ta tashi ne saboda wasu ɗalibai sun auna gidaje sun rubuta tun ba a san za a bukata ba. Notre-Dame ta sami rufi ne saboda wasu sun ci gaba da riƙe gatari a zamanin inji.

Mu da ke karatu da koyarwa nesa da gida, hutu kawai ke kai mu. Idan ya kai mu, akwai aikin da ba ya bukatar izinin kowa ko kuɗin gwamnati. Ɗalibin Hausa yana iya zama gaban Sarkin Magina na garinsu da takarda da alƙalami, ya tambayi sunan kowane sashe na soro, daga zanko har indararo, ya ji yadda ake kwaɓa ƙasa da kwana nawa take yi kafin a murza tubali, ya auna zauren kakansa, ya zana, ya ɗauki hoto. Kalmomin da zai samo kaɗai sun isa kundin digiri, domin da yawansu ba su shiga bakin 'yan bana ba. Wata rana wani zai zo neman yadda gidajenmu suke. Allah Ya sa ya tarar mun bar masa abin dubawa.