Kafin a sayo wa yara kifin Nemo

Kowace litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Na daɗe ina rubuta wannan adadi a allo, yara suna kwafewa, suna maido mini da shi ranar jarrabawa, alhali cikinsu babu wanda ya taɓa ɗanɗana ruwan. Mu ƴan Nijar a taswira muke ganin teku. Daga Yamai sai ka ci kilomita wajen 1000 kafin ka isa Kwatano ka ga bakinsa. Amma waya ta kawo shi har tsakar gida, kuma yaron da bai san sunan kifin da ke cikin miyarsa ba ya san Nemo da Dori. A bana sau biyu aka tambaye ni game da sayen irin waɗannan kifaye: wata uwa da ɗanta ya hana ta sakat, da wani abokina mai makarantar kuɗi a Yamai da yake son ya kafa akwatin gilashi a zauren shiga, don iyaye su gani su yaba. Sun tambaye ni ne saboda sun san na zauna shekara guda gida ɗaya da irin wannan akwati.

A Montpellier ne, kudancin Faransa, lokacin da na je ƙarin karatu. Na kama ɗaki a gidan wani tsoho, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda matarsa ta rasu ƴaƴansa suka watse. A falonsa akwai akwati mai cin lita 300, da duwatsu da murjani mai rai. Ni dai kafin nan murjani a wuyan kakata na san shi, ban taɓa kawowa a raina cewa dabba ce ba. Kifaye bakwai ne kacal a ciki. Na ce masa a gida wannan ruwa zai riƙe tarwaɗa hamsin. Ya yi dariya har da tari, ya ce tarwaɗarmu soja ce, waɗannan kuwa ƴaƴan sarauta ne.

Abin da ya fara koya mini shi ne cewa mai akwatin kifi ruwa yake kiwo, kifin yana biyo baya. Lokacin da ya kafa akwatin, mako shida ya yi yana kallon ruwa da duwatsu, babu kifi ko ɗaya. Dalili kuwa, kifi yana fitar da amoniya, ita kuma guba ce gare shi ko da kaɗan ce. A teku yawan ruwa ya shanye ta. A akwati dole sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna cikin duwatsu da matata, su maida amoniya nitirit, wasu kuma su maida nitirit nitarat, wadda cutarwarta ba ta kai ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Wanda ya sayo akwati da safe ya zuba kifi da yamma, ya saka su ne cikin fitsarinsu, kuma ruwan zai kasance garau a ido har ranar da za su fara juya ciki sama.

A jikin gilashin akwai wani ɗan layi da ya ja da alƙalami. Kowace safiya ruwan ya sauka ƙasa da layin, sai ya cika shi. Ya ce da ni, "Ɗana, ruwan daɗi za ka ƙara, kada ka kuskura ka ƙara na gishiri. Ruwa ne ke tashi sama, gishirin yana nan." Na ce masa ai wannan mun riga shi sani, haka ake yin gishirin Bilma da na Tigidda: a tara ruwa a rami, a bar rana ta yi aikinta. Ya sa na ba shi labarin ayarin raƙuma har dare ya raba. Ruwan da ake ƙarawa ma ba na famfo ba ne kai tsaye, sai wata na'ura ta tace shi tsaf. Gishirin kuma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman da ake sayarwa a bokiti, mai ɗauke da kalsiyom da maganeziyom da sauran abubuwan da ke cikin ruwan teku. Malaman lissafi ga aiki na kyauta: lita 300 sau giram 35 ya ba da kilo 10 da rabi a zubin farko. Duk mako biyu kuma ana kwashe kashi ɗaya cikin goma a maye da sabo, wato lita 30, gishiri kilo guda da ɗoriya, har illa masha Allahu.

Me ya sa gishirin yake da muhimmanci haka? Duk uwar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga amsar: ruwa yana bin gishiri. Jinin kifin teku bai kai ruwan da ke kewaye da shi gishiri ba, saboda haka kullum ruwan jikinsa yana tsiyaya waje. Yana zaune cikin ruwa amma ƙishirwa ce ke barazanarsa. Sai ya riƙa shan ruwan teku, yana fitar da gishirin ta wurin da yake numfashi a gefen kansa. Kifin gulbi akasin haka yake yi, ruwa ne ke shigarsa, shi ya sa ba ya sha sosai, fitsari yake yawaitawa. Kifin da ke zaune cikin duwatsun murjani ya saba da ruwan da gishirinsa da zafinsa ba sa sauyawa sai kaɗan duk shekara. Ba shi da juriyar tarwaɗa, wadda tabki ke ƙafewa da ita ta ja ciki ta nemi wani.

Na raka tsohon kantin kifi sau da yawa, kuma ban taɓa ganin mai ciniki irinsa ba, ko a kasuwar dabbobi ana gobe Layya. Sai ya tsaya rabin awa gaban kifi ɗaya. Yana duba yadda yake numfashi, ko cikinsa ya lotsa, ko akwai fararen ɗigo a jikinsa. Ya tambayi kwana nawa ya yi a kantin. Ya sa a ba shi abinci a gabansa, in bai ci ba mu kama hanya. Tambayarsa ta ƙarshe kullum ita ce: a akwati aka haife shi ko daga teku aka kamo shi? In ya saya kuma ba ya haɗa shi da sauran, sai ya yi wata guda shi kaɗai a wani ƙaramin akwati cikin ɗakin wanki. Cutar fararen ɗigo, in ta shiga babban akwati, tana iya share kifayen duka, kuma maganinta mai tagulla yana kashe murjani da jatan lande, ka ga ba a zuba shi a can.

Wani jikansa, da kyakkyawar niyya, ya kawo masa kyautar kifi ranar zagayowar haihuwarsa. Ban taɓa ganin launi irin nasa ba, rawaya da shuɗi kamar sabuwar atamfa. Bai taɓa cin komai ba. Tsohon ya gwada masa duk abin da ya sani, ya yi ta ramewa, ranar sha biyu muka tashi muka tarar da shi kwance. Tsohon ya zargi siyanur, gubar nan da masu haƙar zinariya suke amfani da ita. A nan na fara jin yadda kasuwar take. Mafi yawan kifayen teku da ake sayarwa don ado daga teku ake kamo su, ba kiwata su ake yi ba, kuma Indonesiya da Filifin ne kan gaba wajen fitar da su. Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka fara fesa siyanur cikin ramukan murjani don kifin ya sume a ɗauke shi da hannu. Ƙasashen biyu sun haramta, amma ba a daina ba. Gubar tana kashe murjanin da ta taɓa, kifin da ya farfaɗo kuma sau da yawa ya riga ya lalace daga ciki. Daga nan sai leda, sai kwali, sai jirgin sama, daga hannun dillali zuwa hannun dillali. Masuncin da ya nutsa shi ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo. Wannan ɓangaren bai ba ni mamaki ba, na san manoman albasa.

A watan Yuli aka kwantar da tsohon a asibiti mako uku, ya bar mini akwatin da takarda shafi biyu. Sai zafi ya sauko. Waɗannan kifaye suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kuma ruwa in ya ɗumama iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi. Da na ga ma'auni ya kai 29, kifayen suna haki kusa da saman ruwa, sai na bi takardar: na kashe fitilun akwatin, na saita fanka a kan ruwan, na riƙa jefa gorunan ƙanƙara a rufe ina sauyawa har cikin dare. Kowace yamma in je asibiti, kafin ya amsa gaisuwata sai ya tambayi digiri nawa. Bakwai na karɓa, bakwai na miƙa, amma na rame.

Wannan fa zafin ƴan kwanaki ne, a garin da wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Ku kawo akwatin nan Maraɗi ko Tawa a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40 mako bayan mako, ruwan randa ma sai an lallaɓa. Dole sai injin sanyaya ruwa. Famfunan da ke motsa ruwan ba a kashe su dare da rana, in suka tsaya awoyi kaɗan cikin zafi oksijin ya ƙare, kifi ya mutu, bakteriyar da aka yi mako shida ana jira ta bi shi. Saboda haka sai batir, sai faranti mai aiki da hasken rana ko janareto, sai mutumin da zai kwana kusa. Gishiri, abinci, kayan awo, duk daga waje, ranar da iyaka ta rufe kuma kowa ya san yadda ake ciki. Makaranta tana da hutun wata uku. Wa zai cika ruwa zuwa layi a watan Agusta?

Abokina ya ce in sun mutu ai sai a sayo wasu, yara ba za su lura ba. Za su lura. Na yi shekaru a aji, na san yaro yana ƙirga abin da yake so. Kuma in har ya saba ganin ana sauya rai kamar ƙwan fitila, wannan darasin ne zai tafi da shi gida, ba na gishiri ba. Abin dariya ma, fim ɗin da ya jawo duk wannan, wanda ya fito a 2003, labarin ɗan kifi ne da aka ɗauke daga teku aka kulle a akwatin wani likitan haƙori a Sydney, ubansa yana yawon nemansa.

Wanda yake da hali da lokaci, ya ce shi lalle sai ya yi a gidansa, ban hana shi ba. Ya nemi kifin Nemo wanda aka haifa a akwati, tun shekarun 1970 ake kiwonsa kuma ya fi sauran juriya. Ya rabu da Dori. Tana girma har kusan santimita 30, tana buƙatar wurin iyo mai tsawo, kuma sai a 2016 aka fara samun nasarar hayayyafar da irinta a hannun mutane, a jami'ar Florida.

Ga aji kuwa, abin da nake yi ya fi arha nesa ba kusa ba. Wani masunci a Madarunfa ya ba ni ƙananan karfasa, muka ajiye su a akwatin da mai yankan gilashi ya haɗa mana, ruwan rijiya, inuwa, yara suna karɓa-karɓa wajen ciyarwa da sauya ruwa. Wata rana macen ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, yaran suka ce ciwo ne. Na ce su jira. Ƙwai ne take riƙe da su a baki. Ranar da ta buɗe baki ƴaƴan suka fito, wani yaro ya ƙwanƙwasa gilashi suka ruga suka koma ciki, sai da malamin ajin da ke kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Wannan ya buɗe mana hanyar zancen gaiwa, wadda ke shiga laka ta yi watanni tana shaƙar iska har ruwa ya dawo. Da hutu ya zo muka mayar da karfasar tabki.

In kuma tekun ake so yara su taɓa da hannu, malaman jihar Tawa sun fi kowa sa'a. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashin teku ya taru, shekaru fiye da miliyan 50 da suka wuce, lokacin da ruwan gishiri ya rufe wannan yanki. A duwatsun Adar har yanzu ana tsintar ɓawon dabbobin teku da suka zama dutse. Ina da guda uku a aljihun teburina, wani ɗalibi ɗan Keita ne ya kawo mini su cikin gwangwanin tumatir.