Mutumin da alwalarsa ba ta ƙarewa

A wata unguwa ta Maradi akwai wani ma'aikacin gomnati, mai riƙe da lissafin kuɗi a biron da yake aiki, wanda ya yi shekara 7 bai samu sallar asuba cikin jam'i ba, alhali kuwa yana riga ladan tashi. Tun kafin kiran farko zai ɗauki buta ya tsuguna bayan ɗaki. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya kai ga fuska, sai zuciya ta ce masa ruwa bai kai ƙarƙashin haɓa ba. Ya koma farko. In ya kai ga ƙafa, ta ce ai bai yi niyya ba. Buta ta ƙare, ya ciko wata. Kafin ya gamsu liman ya sallame, gari ya waye, fatar hannunsa kuma ta tsattsage kamar faso a lokacin ɗari.

A biro ma haka abin yake. Kuɗin da ɗan kasuwa zai ƙirga sau ɗaya ya cusa aljihu, shi sai ya ƙirga sau goma. Yakan isa ƙofar gida da yamma ya juya babur ya koma don ya ja kwaɗon da ya san da hannunsa ya rufe. Aiki ya riƙa taruwa, har shugabansa ya aiko masa takardar neman bahasi karo na biyu. Amma abin da ya fi ci masa rai yana cikin gida: tsoron kada ya zama ya furta kalmar saki ba da saninsa ba. A yini guda yakan tambayi matarsa sau ashirin, “Kin ji na faɗi wani abu?” Ita kuma ta ce, “Haba Malam, ba ka ce kome ba.” Hankalinsa ya kwanta na minti biyar, tambayar ta dawo. Ranar da ta gaji ta tafi gidan wansa tana kuka, ranar aka fara neman magani.

Wan nasa, Alhaji ne mai shago a babbar kasuwa, ya yi abin da kowane wa zai yi. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Wani ya ce aljani ne, wani ya ce sammu ne daga abokin aiki mai kwaɗayin kujerarsa, maganar da ta raba shi da aminin shekara goma a banza. A wani gidan likita majo ya gwada jininsa, ya ce gajiya ce, ya rubuta masa ƙwayar barci. Suka ƙetara iyaka zuwa wani gari a Najeriya, inda aka ba shi magani mai nauyi irin wanda ake ba masu jin muryoyi. Ya yi wata biyu jikinsa a sandare, waswasin kuwa yana nan daram. Ba duka laifin ne na masu maganin ba. Duk inda aka kai shi, ciwon kai da rashin barci yake faɗa. Wane magidanci ne zai zauna gaban baƙo, wansa na gefe, ya ce munanan kalmomi suna faɗo masa a rai yana tsakiyar salla?

Wanda ya fara gane bakin zaren wani dattijon malami ne mai karantar da Risala a zaurensa. Da ya saurare shi su biyu kaɗai, sai ya ce, “Ɗana, kai ne wanda malaman fiƙihu suke kira mustankihi, wanda shakka ta aura.” Ya bayyana masa cewa a mazhabar Malikiyya wanda kokwanto ke zo wa kullum hukuncinsa daban ne: an umurce shi ya kau da kai daga shakkar ya wuce, kada ya sake. Ya ce kuma saƙar zuci ba ta kashe aure. Mutumin ya yi kuka don sanyin da ya ji. Sai dai da asuba ta yi, ga hukunci a kansa, ga buta a hannunsa, ya sake alwala sau tara. Da ya koma ya ce, “Allah gafarta Malam, na sani, amma na kasa,” dattijon bai yi masa faɗa ba. Cewa ya yi abin ya zama ciwo, ciwo kuwa gidan likita ake kai shi.

Ciwon tsoho ne a littattafai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayaninsa cikin littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai; Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya rubuta ɗan littafi musamman kan masu waswasi a ibada. A Faransa, Legrand du Saulle ya kira shi haukar kokwanto a 1875, suna marar kyau, domin mai wannan ciwo hankalinsa ƙalau yake, kuma shi ne farkon wanda ya san abin da yake yi ya wuce iyaka. Likitocin yau masu aiki da Faransanci suna ce masa TOC. Yana kama kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100 a tsawon rayuwa, galibi tun ƙuruciya ko samartaka. Yadda yake aiki kuwa kamar bashin ruwa ne. Mugun tunani ya faɗo, tsoro ya tashi, mutum ya yi wani abu don ya samu sauƙi: ya wanke, ya duba, ya ƙirga, ya tambaya. Sauƙin yana zuwa nan take, to shi ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa da ba a yi ba da masifa ta auku. Gobe sai ta nemi ninki. Har amsar da matarsa ke ba shi don tausayi, ashe itace take ƙara wa wutar.

Da aka ambaci Yamai, Alhaji ya ƙi. Kowa ya san sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa da ake kira Pavillon E, kuma a bakin mutane sunan kawai ya isa ya sa a fasa ba ƴarka miji. Wata uku aka yi ana ja, kafin ma'aikacin ya ɗauki hutu ya shiga mota shi kaɗai, ya bi ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kilomita fiye da 600, yana gaya wa ƴan biro cewa ido zai je a duba masa.

Likitan ƙwaƙwalwa da ya gani bai yi mamakin kome ba. Tambayoyin da ya jera masa sun sa ya zaci wani ya riga shi kawo labarin. Ya rubuta masa fluoxetine, ɗaya daga cikin magungunan da ke aiki kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa, ya gargaɗe shi cewa wannan ciwo yakan buƙaci awo mafi yawa fiye da na ciwon baƙin ciki, kuma sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci ko ya karɓe shi. Da yawa suna jefar da kwalin a sati na uku su ce ba ya aiki. Ya ƙara da cewa ƙwaya rabin magani ce. Ɗaya rabin horo ne, kuma samun mai ba da shi ya fi samun ƙwayar wuya.

Gaskiya ya faɗa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su da yawa, galibinsu kuma a babban birni suke. Masana halayyar ɗan Adam da suka koyi wannan horon musamman sun fi su ƙaranci. Na farkon da ya samu mutum ne mai kirki, amma zama huɗu suka yi ana tonon ƙuruciyarsa, ya fito da tambayoyi sababbi da zai riƙa juyawa da dare. Sai da ya koma wurin likitan aka rubuta masa abin da zai tambaya kafin ya biya kuɗin zama: shin mai maganin yana aiki da hanyar da ake kira TCC, kuma yana sa marar lafiya ya tunkari abin da yake tsoro tare da hana shi maimaitawa? Wanda ya amsa da kame-kame, a yi masa godiya a wuce. Hanyar ta samo asali ne daga aikin Victor Meyer a Landan a 1966, daga baya Edna Foa da wasu a Amurka suka gyara ta suka gwada ta, har ta zama ita ake fara nema a ko'ina. Ba kowa take warkarwa sarai ba, amma mafi yawan waɗanda suka daure har ƙarshe suna samun sauƙi mai yawa.

Wadda ya samu daga bisani mace ce, abin da ya ƙara ba Alhaji haushi. Ta sa ya jera abubuwan tsoronsa daga ƙarami zuwa babba. Suka fara da kwaɗo: ya rufe sau ɗaya, ya juya baya, ya zauna da bugun zuciyarsa yana duban agogo har ya ga da idonsa cewa tsoron yana sauka da kansa ba tare da an biya shi ba. A maganar ibada ta ƙi yin fatawa. Ta ce ya koma wurin malaminsa ya tambayi iyakar abin da ya wajaba, sau ɗaya tak, a rubuta. Dattijon ya tuna masa cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba. Aka ajiye buta, aka ba shi kofi. Matarsa ma aka kira ta a waya aka koya mata amsa guda: “Malam, mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba.” Satin farko ya yi fushi da ita har ya ƙi cin tuwonta.

Bayan zama uku a Yamai sauran suka koma ta WhatsApp, kowace Asabar da safe, har wata biyar. An ɗauke shi daga kan kuɗi an mai da shi wani sashe, kuma bai samu kujerarsa ta dā ba. Yana shan ƙwayarsa har yanzu. Lokacin da aka haifa masa ɗa na uku waswasin ya taso da ƙarfi na kusan wata guda, ya koma kan takardar jerinsa daga tsakiya. Aminin da aka zarga da sammu bai karɓi ban haƙurinsa ba tukuna. Da asuba maƙwabta kan gan shi ya fito da sauri, gwiwar hannunsa na ɗigar ruwa, ya shiga sahu na biyu ko na uku. Wani lokaci yakan tsaya a bakin ƙofar masallaci, ya dubi ƙafarsa ta hagu na ɗan lokaci, sannan ya tuɓe takalmi ya shiga.