Ɗamara Ko Tanadi?

Da aka janye tallafin man fetur a 2023, jaridun Turanci sun yi ta cewa jama'a su yi "brace", wato su shirya wa wahala. Hausar da ta fi kusa da wannan ita ce "ɗaura ɗamara". Amma fa ɗamara, sai kokawa ta zo ake ɗaura ta. Manomin ƙasar Bichi da Ɗambatta, inda gona ta yi wa iyali kaɗan, tanadi ya sani. Tun da kaka yake liƙe rumbun gandu, samari su tafi cin rani don kada a taɓa geron. Ba a buɗewa sai damina ta kankama, hatsi ya yi tsada, ga noma a gaba.