Tabkin Madarumfa da kifayen cikinsa

Wanda ya tashi daga Maraɗi ya nufi kudu, in ya yi kilomita 20 da ɗoriya sai ga shi Madarumfa. Tabki yana nan gefen gari. Ga itatuwa, ga tsuntsayen ruwa, ga kushewun waliyyai 99 da jama'a ke zuwa ziyara. Da sassafe masunta ke fitowa da jiragensu, mata na jiransu bakin ruwa da kwanoni.

Ruwan tabkin daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi yake samuwa. Da damana in ya cika sai ya malala cikin ciyawa. Nan ne kifi ke zuwa ya yi ƙwai, nan ƴaƴansa ke ɓuya har su yi ƙarfi.

Kowane kifi da abincinsa. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, gansakuka take ci, kuma uwar cikin bakinta take riƙon ƙwanta har ya ƙyanƙyashe. Tarwaɗa ba ta zaɓe: ƙwari, tsutsa, dodon koɗi, duk nata ne. Giwar ruwa kuwa ƙananan kifi take farauta. Ita gaiwa, in ruwa ya janye sai ta shige laka ta kwanta, tana shaƙar iska, har damana ta komo.

Amma tabkin yana cikin wahala. Cikin 1989 aka gama dam ɗin Jibiya a ƙasar Katsina, ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu. Rairayi da laka da ruwa ke kwasowa daga gonaki suna cike gindin tabkin. Cikin 2019 aka sa shi cikin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar Ramsar ta 1971. To, takarda ba ta tsaron kifi, sai mutanen wuri.

Ƴan'uwa masunta, a bar su da raga mai ƙananan idanu, balle gidan sauro. Wanda ya kama karfasa da ƙwai cikin baki, ya ci kifi guda ya kashe ɗaruruwa. Ƙaramin kifi a maida shi ruwa, baɗi ya fi tsada. Manoma kuma a bar saran itacen bakin tabki, saiwarsa ce ke riƙe ƙasa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damana mai albarka.