Garkuwa Kafin Mashi: Koyon Dambe Bayan Shekara Arba'in

Ɗalibin Hausa da ya nemi kalmar "dambe" zai same ta tare da 'yan rakiyarta: naushi, zare, turmi, kisa, shago, bahago. Zai iya haddace su duka a zama ɗaya. Turmi shi ne zagaye guda na karawa, ko da yake sunan abin daka ne, kuma sunan ma'aunin atamfa. Kisa shi ne kai abokin karawa ƙasa, ba tare da an raba shi da ransa ba. "Sa zare" kuwa shiga fili ne a kara, domin da zare ake naɗe hannun duka. Na daɗe ina yi wa ɗalibai irin wannan bayani a matsayina na malamin jami'a a Parakou, birni mafi girma a arewacin Jamhuriyar Benin. Sai da na cika shekara 46 na ɗaura safar dambe a karo na farko.

Dalilin bai wuce na lafiya ba. Likita ya auna jinina sau uku a makonni daban-daban, kowane awo ya haura 140 bisa 90, wato iyakar da ake ce wa mutum yana da hawan jini. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, kuma ƙaramar 'yata ba ta gama firamare ba. Aka ce in rage gishiri, in motsa jiki. Na gwada gudu, gwiwa ta ƙi. Wani maƙwabci ya nuna mini wani gida a bayan unguwar Zongo, inda wani saurayi ke koyar da damben zamani da buhun yashi biyu da igiyar tsalle.

Kafin in je sai da na auna abin da za a ce. A ƙasar Hausa dambe wasan mahauta ne tun asali, su ne ke bin garuruwa bayan kaka, kalangu na tashi, makaɗa irin su Ɗan Anace na zuga gwanaye irin su Shago. Mai rawani da ɗan boko 'yan kallo ne, in ma sun je. Sannan malaman addini da yawa ba sa son wasan saboda hanin da ya zo a hadisi game da dukan fuska. Uwargidana ta taƙaita zancen da cewa: "Malam, ɗalibanka fa za su gan ka." Na amsa mata da karin maganar da kowa ya sani, gemu ba ya hana ilimi. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowannenmu da gaskiyarsa. Sharaɗin da na gindaya wa kaina da mai koyarwa shi ne ba zan nausa fuskar kowa ba, ba kuma za a nausa tawa ba. Buhu zan daka, da tafin fata da yake riƙewa, sai atisayen gangar jiki.

Mai koyarwar bai kai shekara 28 ba. Dendi ne harshensa na gida, Faransanci na makaranta, Hausarsa kuwa ta kasuwar Arzeke ce, kasuwar da kunnen Bahaushe ke jin "arziki" a cikin sunanta. "Baba" yake ce mini, yana rusunawa in mun gaisa. Amma da an shiga fili sai ya ce: "Baba, haɓa ƙasa. Baba, hannu sama. Sake." Mako uku cur bai bar ni na kai naushi ko ɗaya ba. Tsayuwa kawai muke yi: ƙafar hagu gaba, dama baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Da na nuna ƙosawa sai ya ce wanda bai iya tsare kansa ba, bai kamata a ba shi abin duka ba.

A nan na fara jin kalmomin nan da wata gaɓa wadda ba kunne ba. A damben gargajiya akan kamanta hannun da aka naɗe da mashi, wanda aka bari a buɗe kuma da garkuwa. A aji mashi nake fara ambata, domin shi ne mai ɗaukar hankali. A fili garkuwa ce ke gaba, ita ke auna tazara, ita ke tare hari, mashi yana baya yana jiran lokacinsa. Na kuma gane cewa naushi daga ƙasa yake tasowa: diddige ya juya, ƙugu ya bi shi, kafaɗa ta miƙa, dunƙulen hannu ya isar da saƙo kawai. Haka turmi. A damben zamani, bisa dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867, turmi minti uku ne, hutu minti ɗaya. Na sha yin lacca ta awa biyu ban zauna ba, amma minti ukun farko a gaban buhu sun nuna mini dalilin da ya sa sunan abin daka ya dace da wannan zagaye.

Bayan wata biyar aikin tattara kalmomi ya kai ni Djougou, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai yamma maso arewa da Parakou. Garin nan shi ne Zugu a bakin fatake, zango ne babba a hanyar goro da ta haɗa Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja, hanyar da masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi nazarinta a littafinsa na 1980. A layin mahauta na zauna da wani dattijo wanda ya yi yawon dambe a ƙasar Kabi da Sakkwato a ƙuruciyarsa. Ya dubi kantar da ta fito a gaɓoɓin yatsuna, ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, shagon wa kake?" ya ce.

Na san kalmar. 'Yan damben yau, na ɓangaren Arewa da Kudu da Guramaɗa, sukan ɗauki laƙabi irin "Shagon wane" ko "Autan wane" don a san hannun da ya rene su. Abin da ban taɓa zato ba shi ne a yi mini tambayar ni kaina. Na ce: "Baba, shagon wani yaro ne da bai kai ƙanina ba." Dattijon ya daina dariya. Ya ce a wurinsu buhu ba abokin karawa ba ne, don haka ba zai kira ni ɗan dambe ba. Amma ya ce abin da ya fi kai manya ƙasa a fili shi ne ƙin jin gyara, kuma mutumin da ya yarda yaro ya gyara masa tsayuwa ya ci rabin wasan. Na karɓi hukuncin duka biyu.

Akan ambaci George Foreman, wanda ya sake zama zakaran duniya ajin masu nauyi a 1994 yana da shekara 45, don ƙarfafa wa irina gwiwa. Kwatancen bai dace ba. Shi komawa ya yi ga abin da jikinsa ya sani tun yana matashi, ni kuwa baƙo ne. Abin da na samu ya fi nasa ƙanƙanta: jini ya sauka da taimakon magani da atisaye, barci ya daidaita, kuma ɗaliban da uwargida ta ji wa tsoro, biyu daga cikinsu yanzu tare muke tsallen igiya.

Ga ku masu nazarin Hausa, shawarata ita ce kada ku tsaya ga takarda a kan kalmomin sana'a. In kuna nazarin harshen maƙera, ku riƙe zuga-zugi ko na yini ɗaya. In na masaƙa ne, ku zauna ku jefa ƙoshiya. Ku kuma tambayi mai sana'ar wace kalma ya fara koya, domin jerin da ƙamus ya bi na haruffa ne, nasa kuwa na aiki ne. A dambe, ta farko ita ce garkuwa.